Turmin Inna Gudiya

Inna Gudiya mai daddawa ce a Jiga Makera, gajeriyar tsohuwa mai faɗa, wadda ko kaza ba ta keta tsakar gidanta ba tare da ta sha zagi ba. Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, wani maƙwabcinta ya doki matarsa har cikinta ya zube. Kowa ya ji ta bayan danga, kowa ya yi gum, wai sha'anin miji da mata.

Abin ya tsaya wa Gudiya a rai. A wani taron suna ta tsara wa mata dabara: duk wadda ta ji ana dukan maƙwabciyarta, ta jawo turmi ta yi ta daka ba komai a ciki, ta kusa da ita ta amsa, har liman da mai unguwa su bi ƙarar zuwa gidan. Maza suka yi dariya. Da aka tsayar da masu dukan mata biyu a gaban masallaci, dariyar ta ƙare.

Sai ga shekarar da albasar autanta Sahabi ta ruɓe a rumbu. Yaro ya koma shiru-shiru, yana huci a kan abin da bai kai ba. Matarsa Murjanatu kuwa ga tsohon ciki. Gudiya ta shiga fargaba, kullum kunnenta na jikin danga.

Wata hantsi ta ji faɗuwar kwano a gidan Sahabi, sannan kukan da ake toshewa da zani. Ta saurara ko wata za ta fara. Unguwa tsit. Matan sun ji sarai, kunyarta suke ji. Ta san in ta daka, Sahabi ba zai ƙara ɗaga kai a garin ba. In ta ƙi, yarinya da cikinta sai yadda ta yiwu.

Ta jawo turmi, ta ɗaga taɓarya ta soma daka. Turmin gabas ya amsa, na yamma ya ɗauka.

Sahabi ya faɗo gidan, ido jajur. "Inna, ni kinka yi ma wanga tonon asiri?"

Gudiya ba ta tsaya ba, hawaye na zuba cikin turmin.

"Kai na haihwa," ta ce, "ita ko wata ta haihe ta. Tahi ka tarbi liman."