Rumbun da Na Ɓoye Fanna

Ranar Alhamis ce, bayan an gama girbin dawa. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗora doya. Mijina Ari ya yi salla, ya saɓa fartanya ya tafi gona. 'Yata Fanna, mai shekara shida, tana bakin murhu tana yi mini mitar manja, wai na cika ƙwauro. Ƙauyenmu yana bayan Akurba ne, ɗan tafiya kaɗan daga Lafiya.

Kwana uku kafin nan an aiko wa mai unguwa ya ba da maza su ɗauki kayan Bature zuwa bakin Binuwai. Cikin waɗanda suka taɓa zuwa irin wannan dakon a baya, biyu ba su dawo ba. Maza suka ce ba su zuwa. Iyakar laifinmu ke nan.

Da hantsi aka buga ganga daga wajen rafi. Bugu uku, a tsaya, bugu uku. Kowa ya san kiɗan nan. Tun zamanin kakanninmu, in mahara suka taso, manya sukan faɗa daji, ƙananan yara kuwa da ba su iya gudu sai a sa su cikin rumbu a mayar da jinka a rufe. Mahari a gurguje yake, mutum yake so ya sura ya wuce kafin a taru. Ba ya tsayawa hawan rumbu. Kuma ba mu taɓa jin ɗan Adam ya sa wa abinci wuta ba. Ni kaina sau biyu uwata ta ɓoye ni haka.

Na cicciɓi Fanna, na taka tsani, na sauke ta a kan zangarniyar dawa. Na ce kada ta yi ko tari. Da hannuna na rufe. Na ruga cikin ciyawa bayan gida na kwanta.

Ashe ba mahara ba ne. Sojoji ne, baƙaƙe irinmu, da jajayen huluna, da Bature ɗaya a kan doki. Da Hausa suke magana, Hausar da ta fi tawa kyau.

"Ina mazan garin?"

Bindiga ta tashi sau biyu. Sai na ji muryar babbansu.

"A fara da rumbuna!"

Jinka ba ta jiran komai. Na ji ƙarar ciyawa, na ji dawa tana fashewa. Maƙwabciyata, 'yar Alago, ta fito daga daji a guje tana kururuwa da gurguwar Hausarta: "Yarinya yana ciki! Yara yana ciki!" Wani soja ya sa mata gindin bindiga a baki. Ya ji abin da ta ce. Kada wani ya zo ya ce mini bai ji ba.

Na suri taɓarya na yi kan rumbunmu. Ban damu da ko za su harbe ni ba. A bugu na tara cikin rumbun ya huje. Fanna ta cusa kanta cikin dawa, jinka ta rufta a kan ƙafafunta. Da na jawo ta, fatar ƙaurinta ta biyo hannuna.

Kafin azahar sun tafi. Yara bakwai aka sa a rumbu ranar. Biyu aka fitar da rai.

Da la'asar muka yi jana'iza. Limaminmu ya ce ƙasa ta zama ta Nasara, mai iya tafiya ya yi gabas. Ni ban tsaya tunanin ƙasa ba. So nake kawai in kai 'yata inda ba za a sake ƙona ta ba. Na shafe ƙafafun da zuma da man kaɗanya, na naɗe da tsumma, na goye ta kamar jaririya. Da gari ya waye muka kama hanyar Awe.

Ari yana ta ƙarfafa mini gwiwa da Barno. Wai can ne tushenmu, ga tsagarmu a fuska, 'yan uwa za su tarbe mu. Da muka isa suka gaishe mu da Barbarci, muka yi zuru. Mu Hausa muka tashi da ita, sai ɗan yaren Alago na kasuwa. Suka dubi tsagar, suka dubi bakinmu, suka yi dariya. Ruwan sha ma sayar mana suka yi.

Muka shiga wani ayari na masu zuwa Makka. Tafiyar ba a yinta a jere. In guzuri ya ƙare sai a tsaya wata biyu ko uku, Ari ya yi ƙwadago a gonar mutane, ni in soya ƙosai, sannan a tashi. Raunin Fanna ya rufe, amma jijiyoyin sun ƙanƙance, ƙafar ba ta miƙewa. Tana girma a bayana. Zani uku goyonta ya cinye.

A Wadai ruwa ya yi wuya. Kwana huɗu tsakanin rijiya da rijiya. Kullum ni ce ta ƙarshe a ayari. Wata rana da rana tsaka madugu ya juyo da raƙuminsa ya daka mini tsawa.

"Ke! Ajiye gurguwar nan a garin gaba! Ba ma jira!"

A kunnenta ya faɗa. Na ji ta ƙanƙame wuyana. Na gaya masa maganar da ba zan maimaita ba, ta shafi uwarsa. Daga ranar ban ƙara zama ta ƙarshe ba, ko da farcen ƙafata yana cirewa.

Gudawa ta kashe Ari kafin mu kai Alfashir. Muka haƙa yashi da ƙorai, muka ɗora duwatsu saboda kuraye. Ba a ba ni ko wuni ɗaya ba, aka ce a tashi.

Makka ban gan ta ba. A bakin Kogin Nilu na tsaya, a wani ƙauye da mutanenmu suka riga mu kafawa. Kun san wanda na tarar yana mulkin wurin? Bature. Yana zaune a inuwa, da sojojinsa masu jajayen huluna a tsaye a bayansa. Duk tafiyar nan da na yi ina gudunsa, ya riga ni isowa a jirgin ruwa. Na tofar da yawu a ƙasa, wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce in rufa wa kaina asiri.

Dole na zauna. Larabawan wurin suna ce mana Fallata, da Bahaushe da Babarbare da Bafillace duk kuɗin goro. Na koyi yin kisra, wata 'yar siririyar wainar dawa mai tsami, tun ina ci ina yatsina har na saba. Na kafa kaskona a bakin kasuwa. Na gina ɗaki da hannuna. Dawata kuwa a rami nake binne ta yadda mutanen nan suke yi.

Wani tsohon masassaƙi ɗan Katagum ya yi wa Fanna sanduna biyu. Ranar da ta fara takawa daga ƙofar ɗaki zuwa gindin kaskona, man ya ƙone ban sani ba. Cikin wata biyu tana zuwa bakin kogi ita kaɗai. Larabci ya zauna a bakinta, ita ke yi mini ciniki, tana yi mini dariya in na kwafsa. Ta yi ƙiba. Na ce a raina, to, na kawo ta.

Da bazara sanƙarau ya shigo ƙauyen. Ranar Litinin da safe ta ce kanta yana ciwo. Talata wuyanta ya sandare. Laraba da azahar na rufe mata ido.

Mu uku muka bar Lafiya, ni kaɗai nake ba ku labari. Na goyi Fanna shekara biyu da wata huɗu. Ta yi tafiya da ƙafarta wata bakwai.