Kushin ɗin Yaya Bulus

Yau da safe ina wanke fuska aka kira ni: Yaya Bulus tela ya rasu a hanyar Lau.

Na ce ƙarya ne, na zagi wanda ya kira, na kashe waya. Har yanzu ban ba shi haƙuri ba.

Duk ɗan unguwarmu ta Majidaɗi ya san shagonsa, mai benci a ƙofa. A kan bencin nan na koyi karatu bayan na bar makaranta. Tsofaffin jaridun da yake yanka fatan, wato samfurin ɗinki, da su, sai ya ware mini masu labari kafin ya sa almakashi. Wayata a soket ɗinsa take kwana. Shi ya sa mini suna Farfesa, don tsokana, sunan kuma ya bi ni.

In na yi faɗa a unguwa, wurinsa nake zuwa in huce. Ba ya wa'azi. Sai ya miƙo mini riga ya ce, "Cire mini zaren nan, bakinka ya huta."

Siriri ne, ɗan ƙarami. Ƙaninsa Ishaya yana jan mota tokumbo tsakanin Jalingo da Lau, kuma duk ranar da Yaya zai je gida wajen Mama, mahaifiyarsu, kujerar gaba tasa ce. Kujerar ta lotsa, in ya zauna da ƙyar yake hango titi. Sai ya yi abin da tela zai yi: ya samo soso mai kauri, ya rufe shi da ragowar atamfa kala-kala, ya ɗinka kushin. Ya yi kyau har direbobin tasha suka fara zuwa a ɗinka musu nasu.

Akwai wata 'yar wuta a dashbod da ke kamawa duk sanda ya zauna. In mai jiki ya zauna, sai ta mutu. Ishaya ya maida abin wasa: "Yaya, ko mota ba ta san ka shigo ba." Mu yi ta dariya.

Ni dai abin ya tsaya mini a rai, na bincika a waya. Ashe akwai sensa a cikin kujerar gaba mai auna nauyin wanda ya zauna. In ta ji nauyin yaro, sai ta kashe eyabag, jakar iskar nan da ke fitowa ta tare mutum in an yi karo, domin ƙarfinta na iya kashe yaro. In babba ne ta bar ta a kunne. To ga mutum mara nauyi, ga soso mai kauri tsakaninsa da kujera. Motar ta ɗauka yaro ne. Wutar da muke wa dariya, cewa take jakarsa a kashe take.

Ranar da na gan shi ƙarshe na faɗa masa, da ihu kamar yadda na saba. Na ce Yaya, ka cire kushin ɗin nan ko ka koma baya.

Allura na bakinsa ya ce, "Farfesa, ni da 'ya'ya uku mota za ta ce mini yaro? Bari in dawo daga Lau, ka karanta mini da kyau."

Ya ba ni gyaɗa a hannu. Shi ke nan.

A tafiyar nan ce taya ta fashe, suka daki bishiya. Jakar Ishaya ta buɗe, yana asibiti da karaya a hannu. Ta Yaya ba ta buɗe ba.

Kada wani ya zo mini kwament da "lokacinsa ne ya yi". Na sani. Ban ce da ta buɗe lallai da yana nan ba, rai na Allah ne. Amma an sa abu don ya tare ƙirjinsa, abin bai fito ba, kuma wuta ta yi ta faɗa mana muna dariya. Wannan ne yake ci na.

Ɗazu na bi ta tasha. Na leƙa motoci, ga kushin ɗinsa nan a kujerun gaba, ɗinkinsa, ragowar atamfar matan unguwarmu. Na gane wani yadi ma, na rigar Kirsimetin ƙanwata ne. Na tsaya kamar wawa ina shafawa. Abin da ya rage mana na hannunsa ke nan, kuma ni ne zan ce a cire.

Direbobin Lau, don Allah ku cire su. In babba ya zauna gaba kuka ga wutar nan ta kama, kada ku tashi mota sai an duba. Yara kuma a baya, ba a cinya a gaba ba.

Amma kada ku yar. Ku kawo mini Majidaɗi, zan jera su a kan bencinsa, masu zuwa gaisuwa su zauna a kai.

Yaya, ka ce in ka dawo in karanta maka. Ga shi na rubuta, ban yi ihu ba.

Ubangiji ya ba ka hutu, ya riƙe Mama da matarka da yaran nan, ya ba Ishaya lafiya da ƙarfin zuciya. Kai da ka karanta har nan, Kirista ko Musulmi, ka sa su a addu'a. Ni ma ku sa ni, don ban san inda zan je in huce yanzu ba.