Ƙusa a Takalmin Malam

Ban sani ba ko ka taɓa bi ta layin masu takalma a kasuwar Dutsin-Ma da tsakar rana, lokacin da zafi ya daki tsofaffin tayoyin da suke yankawa. Wani wari ne ke tashi, na roba mai zafi, ya maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ƙawayena na jami'a sukan toshe hanci su wuce. Ni kuwa ƙafafuna ne suke yin nauyi, domin haka zauren kakana yake wari a shekarar da na cika goma sha ɗaya.

Malam muke ce masa, mu da 'ya'yansa da duk mutanen ƙauyenmu da ke gefen Kuki. Kowace shekara, da an ɗaure dawa an kai rumbu, sai ya ɗauki sanda ya tafi ziyarar kabarin malamin da ya karantar da shi, a wani gari can arewa, gaba da Kurfi sosai, tafiyar kwana shida a ƙafa. Mota tana zuwa garin. Shi dai cewa ya yi a ƙafa ya fara zuwa wurin mutumin nan neman ilimi, ba zai koma masa a zaune ba. Da can su huɗu suke tafiya. Biyu sun rasu, saura shi da ladanin masallacinmu.

Shirin ya fi tafiyar daɗewa. Kakata takan fito da buzun salla ta kakkaɓe, ta daka garin gero, ta cika gwangwani da man kaɗe na shafa wa ƙafa. Akwai ƙaramar buta, da gorar ruwa, da allura da zare. Akwai kuma wani farin ƙyalle da take wankewa ta shanya a bayan ɗaki, inda yara ba sa zuwa, sannan ta ninke shi ta sa a can ƙasan jaka. Na daɗe kafin na gane likkafani ne.

Amma takalmi shi ne babba. Na taya yake sa a yanka masa, guda biyu, wanda zai taka da wanda zai riƙe a jaka. Kwana arba'in yake yi yana zuwa gona da masallaci da su, yau wannan gobe wancan, har robar ta yi laushi ta ɗauki zanen sawunsa. Yakan ce ba a shiga daji da takalmin da bai san ƙafar mai shi ba. Maɗaurin irin wannan takalmi da ƙananan ƙusoshi ake kafe shi, a lanƙwasa bakinsu cikin robar.

Da daminar shekarar, wata rana na ga jini a tabarmarsa. Na bi shi da ido har zuwa dunduniyarsa, sai ga ƙaya ta shige har gindi, shi kuwa yana ta jan carbi bai san tana nan ba. A asibiti aka ce ciwon suga ne, ya kashe masa jin ƙafa. Likita ya gaya wa Baba cewa ɗan rauni kaɗan, in ba a gani da wuri ba, yana iya tafiya da ƙafar gaba ɗaya. Daga ranar duba ƙafar Malam ya zama aikina bayan la'asar, saboda an san ba na tsallake komai. Yatsa bayan yatsa nake bi.

"Amaryata, duba da kyau," yakan ce. "In ƙafar nan ta lalace, da mi zan zo zance?"

Sai in sunkuyar da kai. Magana ba ta cika fito mini ba, ko da wasa ne.

Baba ya so ya hana tafiyar. Da ya ga ba za ta hanu ba, ya sayo masa kambas daga Katsina, mai laushin ciki.

"Malam, don Allah, ko wannan ka sa. Bana kaɗai."

Malam ya juya shi a hannu, ya leƙa ciki. "Wanga tukunya? In dafa ƙafata ciki, in tsaya kwance igiya sau biyar a rana ladan na jirana? Kai wa ɗanka ya buga ƙwallo."

Saura kwana uku a tashi, maɗaurin takalmin jaka ya tsinke a hanyar gona. Aka aika kasuwa aka yanko sabo fil. Malam ya dube shi jim, ya ce ai na jaka ne, ba lallai a taka shi ba.

Ranar tafiya da hantsi, kakata ta ce in goge sabon takalmin in miƙa wa gwaggona ta ɗaure a jaka. Na zura hannu kamar yadda na saba yi wa komai nasa. A na dama, wajen dunduniya, wani abu ya karce ni. Bakin ƙusa ne, bai kai ƙwayar riɗi ba, ko jini bai fitar mini ba. Na buɗe baki ke nan, gwaggo ta fizge.

"Kawo nan, sarkin nawa! Maza na jira a waje."

Kafin in haɗa kalmomin a raina ta ɗaure jakar, an fita da ita. A ƙofar zaure liman ya ɗaga hannu, maza kusan ashirin suna amsawa da amin. A gidanmu ba a kwance kayan da aka shafa wa fatiha, kuma ba a kiran matafiyi ta baya. Tsofaffi suna cewa wanda aka kira ya waiwayo, hanya ta ƙi shi ke nan. Ga shi ni yarinya ce, ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba. Na tsaya a bayan ƙyaure, na dunƙule yatsan a tafina, ina ce wa kaina na jaka ne, na jaka ne. Malam ya bi hanyar rafi, bai waiwayo ba.

A bayan littafin lissafina na riƙa rubuta inda ya kamata su kai kowace rana. Rana ta biyu ladan ya bugo waya sun wuce Ɗantutture lafiya. Rana ta huɗu Baba yana cin tuwo ya ce wa Inna sun gaisa da ladan a waya, ƙalau suke, sai dai tsohon takalmin Malam ya tsinke a kan duwatsu, Allah ya sa akwai na jaka.

Na ja zanen Inna, na faɗa mata maganar ƙusar a kunne. Ta dube ni, ta dubi Baba, ta maimaita da ƙarfi. Baba bai yi mini faɗa ba. Hannu kawai ya wanke ya ɗauki waya. Ta ladan a kashe take. Ya hau tudun bayan gari ya sake kira, a kashe. Washegari ya hau babur ya bi titi har gaba da Kurfi, amma su ba titi suke bi ba, hanyar shanu suke bi ta cikin gonaki. Kakata ta ja kujerarta ta fuskanci ƙofa. Ni kuma duk la'asar sai in je zaure in zauna gaban tabarmar da ba kowa.

Rana ta takwas muka ji ƙarar mota a lungunmu, inda mota ba ta shigowa. Mutum uku suka ɗauko Malam. Tun kafin a kwance tsumman da ke ƙafarsa wari ya cika zauren. Ladan yana hawaye ya ce sai a daidai shiga garin ya lura takalmin ya manne da ƙafar, kwana biyu Malam yana taka ƙusar. Ko da aka gani, sai da ya ƙarasa bakin kabarin ya yi addu'arsa. A Katsina aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa.

Babu wanda ya gaya masa abin da na sani. Ni na gaya masa, bayan wata biyu, ina duba ƙafar da ta rage. Sai ya ce in ɗauko takalmin. Ya zura hannu, ya daɗe yana shafa wurin.

"Ni na karya dokata, na ɗauki wanda bai san ni ba," ya ce. "Amma ke, amarya, Allah ya ba ki yatsa mai ji. In kin sake jin wani abu, ki faɗa. Ko liman na tsakiyar fatiha."

Shekara biyu ya ƙara a duniya. Yanzu ba mai bin hanyar nan a ƙafa, dajin ya zama na masu bindiga, ko gona ta nesa sai an yi shawara kafin a je. Takalmin yana nan rataye a zaure, robar ta bushe ta tsage.

Watan jiya Inna ta kira ni, ta ce an auna jinin Baba, ciwo irin na Malam ne. Ranar Juma'a na shiga mota na tafi gida. Na same shi a ƙofar zaure da abokansa, sun yi alwala za su masallaci, yana miƙa ƙafa zai sa takalmi. Na ratsa tsakiyarsu, na ce, "Baba, tsaya." Duk suka juyo suna kallona. Na durƙusa, na ɗauki na dama, na zura hannu.