Ajin Malam Dole

Bakin Malam Dole ba shi da linzami, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. "Mai son lallashi ya koma wurin uwarsa," haka yake faɗi. Matarsa ta ce ko ranar da ya fara zuwa wurinta zance sai da ya kushe ɗaurin ɗankwalinta.

Turanci yake koyarwa a kwaleji, darasin nan da sai kowa ya ci kafin a ba shi takardar kammalawa, ko injiniya yake karanta ko jinya ko aikin gona. Dalilin sunan ke nan. Ajinsa na can ƙarshen baranda, fanka ɗaya mai kukan tsufa, allo ya koɗe har alli ba ya kama shi sosai. Ba wanda ya zo don yana so, shi ma ya sani.

Jarrabawarsa daban ce. Kowa zai ɗauko wani abu daga sashensu, ya tsaya gaban aji ya yi bayaninsa da Turanci. An kawo famfo, an kawo sirinji, wani ɗan sashen dabbobi har tunkiya ya jawo. Tana yin kuka Malam ya ce, "Zauna, ɗana. Ita zan ba makin."

Akwai wata da 'yan aji ke ce wa Anti don ta girme su, uwar 'ya'ya uku, tana koyon gwajin jini. A rubuce ba ta da laifi. Amma da ta tsaya, idanu suka yi mata caa, sai harshe ya ɗaure. Sau biyu tana faɗuwa, kuma a dokar kwalejin wanda ya faɗi na uku sai gida.

"Anti, mutum muka samu ko gunki?" in ji Malam a karo na biyun. Aji ya kwashe da dariya.

Wata rana da hantsi Malam ya bi ta bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya ji Turanci na zuba ta taga tiryan-tiryan. Ya leƙa. Anti ce, ta kafa ido a madubin duba jini, tana yi wa ƙawarta bayani, ba mai kallonta. Ya daɗe tsaye.

Da ya koma gida ya kasa cin abinci.

"Maigida, yau wa ka zaga?" in ji matarsa.

Ya ba ta labari.

"Yo ai idonka kaɗai ya isa ya tsinka madara," ta ce. "Balle an haɗa da na yara."

Yanzu an rushe ajin, darasin ya koma kwamfuta, Malam ya daɗe a ƙasa. Anti kuwa sai da ta yi furfura a ɗakin gwajin asibiti kafin ta yi ritaya. Har yau cewa take mutumin ba shi da daɗin baki, kuma gaskiyarta.

Amma takan ba da labarin jarrabawarta ta uku. Ta ajiye madubin a tebur. Malam ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango.

"'Ya'yana," ya ce, "alfarma nake nema. Kowa ya juya kujerarsa. Ku ba ta baya, ku ba ta kunne, har ta gama."