Burniya da Goɗiyar da Aka Ce Ba Ta da Asali

A duwatsun nan namu na Sajnan, duk wanda ke jin ƙaiƙayin rigima ba sai ya yi nisa ba. Ya je bakin titi inda Burniya ke baza tukwanenta, ya ce mata ƙurun dutse, ɗan dokin nan namu, jaki ne da ya yi sa'ar gajerun kunnuwa. Za ta ajiye abin da ke hannunta, ta gyara ɗaurin kallabi, ta wanke shi tas tun daga kan kakansa na uku. Shekarunta sittin da biyu, gajeriya ce, hannuwanta sun yi kanta saboda yumɓu, kuma ko kofaton doki ba ta mallaka ba. Tsohon ciwo ne ke sa ta wannan haƙilo, ni kuwa ban taɓa ganin laifinta ba.

Tana yarinya ubanta, Ammar mai zuma, na da ƙananan dawaki uku, irin namu na dutse, waɗanda tsayinsu bai wuce ƙirjin babban mutum ba, amma suna hawa inda akuya ke tsayawa ta yi shawara. Akwai Bu Ras, ingarma mai ƙaton kai da mugun cizo, wanda ya taɓa yage wa liman hannun alkyabba ranar Juma'a. Akwai wata tsohuwa mai ido ɗaya da ake ce wa Hajja, don ko gobara ake ba ta sauri. Sai kuma Hajla, wato makwarwa, jar goɗiya mai ɗan banzan wayo. Uwarta ta mutu tana duƙusa, Burniya ce ta raine ta da nonon akuya, tana tsoma tsumma tana ba ta tana tsotsa. A goshin Hajla gashi ya murɗe wuri biyu kamar cibiya, ɗaya bisa ɗaya, kuma ba ta taɓa shan ruwa sai ta fara bugunsa da kofato. A bayanta Burniya ta koyi hanyar ramin yumɓu, ba sirdi ba linzami, geza kawai take riƙewa.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka tura ta gidan gwaggonta tsinkar zaitun na kwana biyu. Ta dawo ta tarar da turke ba kowa. Uban ya sayar da Hajla ga wani mai gawayi daga wajen Nafza, don ya sayi kwanon rufi. Da gangan aka tura yarinyar, kowa a gidan ya sani, har uwarta. Da ta yi kuka abin da ta samu daga bakin uban shi ne, "Dabba ce fa. Ke ma gobe gidan wani za ki, da ita za ki tafi?" Ni abin da ya fi ba ni haushi, ko sallama ba a bar ta ta yi ba. Shekara bakwai ta ƙara a ƙarƙashin kwanon nan, duk ruwan da ya buge shi sai ta ji kamar zaginta ake yi.

Ta auri Muldi mai gadin daji, mutum mai haƙurin tsiya, ta haifi biyar, ta gina tukwane da kasake har yatsunta suka lanƙwashe. A gefe tana ƙera 'yan dawakin yumɓu, kuma kowanne sai ta ɗiga masa baƙi biyu a goshi. Masu sari daga Tunis sun yi ta ce mata ta riƙa canza ado, ta ce su je su ƙera nasu. Duk kasuwar da ta shiga kuwa sai ta bi ta wajen dawaki tana ɗaga musu gashin goshi. Muldi yakan ce ta fi sanin goshin dawakin kasuwar Matir fiye da fuskar surukanta. Ba ta tsammanin ganin Hajla, ta san lissafin shekarun doki. Jininta take nema, ko jika ko tattaɓa-kunne, don ta tabbata goɗiyar ta bar wani abu a duniya.

Bara, a bikin bazara, aka kawo yaran wata makarantar hawa daga Tunis su nuna ƙananan dawakinsu. An wanke su, an yi musu kitso a geza, an ɗaura musu ƙyallaye kamar masu zuwa gidan biki. Wata jar goɗiya ta cinye gasar, ta tsallake duk katakon da aka gitta mata ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba. Aka jawo ta kusa da rumfar Burniya, aka ajiye mata bokiti. Goɗiya ta ɗaga ƙafa ta buga ruwan, bokiti ya kife. Burniya ta matso, ta ɗaga gashin goshin, ta ga cibiya biyu, ɗaya bisa ɗaya. Tana tsaye a haka sai lasifika ta ce, "Ta ɗaya Karamel, shekara tara, asali ba a sani ba."

A wajenmu ko ɗan ƙaramin makiyayi zai jero maka uwayen goɗiya har huɗu ba tare da ya haɗiyi yawu ba. A ce wai ba a san asalinta ba, a gaban jama'a, a kan dutsen da ya haife ta, wannan zagi ne. Burniya ta bar tukwanenta a titi ta nufi teburin ma'aikacin da ke riƙe da kundin dawakin dutse, wani saurayi mai tabarau, Si Nizar.

"Wa ya ce ba a san asalinta ba?"

"Halti, haka takarda ta nuna," in ji shi, halti kuwa inna ke nan a bakinmu.

"Takardar tana wurin aka haife ta? Ko daga kogo ta faɗo? Kai in aka tara mutane aka ce a lasifika ba a san uwarka ba, tafi za ka yi?"

Si Nizar ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Ba zagi ba ne, Halti. Gurbi ne da ba a cike ba."

"To cike. Jikar Hajla ce ta gidan ubana. Ga goshi nan, makaho ma ya shafa ya ji."

"Goshi ba ya shiga kundi. Ki kawo sunan uwa da na kaka, da shaidar waɗanda suka riƙe su, su dangwala yatsa. Ni kuma in rubuta."

Ya faɗi haka ne don ya rabu da ita. Bai san da wa yake magana ba.

Masu makarantar suka ce a kasuwar Matir suka sayi goɗiyar, a hannun wani dillali, Lazhar. Ranar kasuwa Burniya ta shiga motar haya ta same shi. Lazhar ya ɗauka cewa za a yi kayan sata ne, sai ya rantse da kabarin uwarsa bai taɓa ganin jar goɗiya ba tun da aka haife shi. Ba ta yi masa gardama ba. Ta shimfiɗa mayafi kusa da turakunsa ta zauna. Duk mai sayen da ya matso, sai ta buɗe bakin dokin ta ce, "Ɗana, wannan da ya ce maka shekara shida, sha biyar ne, dubi haƙori. Wancan kuma ɗingishi yake, an dai ba shi hutu ne." Kasuwa uku ta yi masa haka. A ta ukun ya zo ya tsuguna gabanta.

"Halti, don girman Allah me na yi miki? 'Ya'yana za su ci abinci."

"Ashe kana da 'ya'ya. Sun san uwarsu?"

Nan ya tuna. Daga wata gwauruwa ya saye ta, Rabah, a wani ƙauye bayan Nafza.

Muldi ya ce shi fa ƙafarsa ta gaji da bin zuriyar doki, amma ya saka takalmi ya bi ta. Rabah ta karɓe su da burodin tanda da man zaitun, kuma ba ta yi wata-wata ba. Uwar Karamel Hamra ce, uwar Hamra kuma Mas'uda, dukansu a gidan suka tsufa, dukansu masu cibiya biyu. Ita Mas'uda tana duƙusa marigayi mijinta ya sayo ta daga wurin Balgasim mai gawayi. Burniya na jin an ce mai gawayi ta ajiye lomar da ke hannunta. Saura mataki ɗaya ke nan a kai ga Hajla. Rabah ta dangwala yatsa a takardar da Muldi ya rubuta, ta ce tsohon na nan da ransa, a gangaren can.

Suka same shi jingine da bango yana shan hantsi, ya haura tamanin, idanu sun yi yana. Burniya ta gaishe shi sama-sama da ammi, wato baffa, don shekara hamsin tana tsine masa ba ta san fuskarsa ba.

"Ammi Balgasim, ka tuna wata jar goɗiya da ka saya a Sajnan, a gidan Ammar mai zuma?"

Tsohon ya yi 'yar dariya. "Mai taurin kan nan? Wadda ke kifar min da bokiti? Na tuna. Kwana uku tana haniniya tana kallon hanya, ta ƙi cin komai."

"Ita ta haifi Mas'uda."

"Wa? A'a. Mas'uda ai 'yar Zarga ce, wata fara-fara da na gada wurin kawuna."

"Ka manta ne, tsufa ne. Cibiya biyu fa, da bugun ruwa."

"'Yata, rabin dawakin dutsen nan cibiya biyu gare su. Ke dai taki kika sani. Jar nan ba ta haihu ba. Ko shekara ba ta rufa a hannuna ba. Sanyin farko ne, an kwana ana ruwa, ta zame da kaya a kwazazzabon Wadi, ƙafar gaba ta karye. Ni na gama mata da hannuna."

Burniya ta zauna a ƙasa ba tare da ta san ta zauna ba. Tun tana yarinya take raya wa kanta cewa Hajla na can wani wuri tana tsufa cikin 'ya'ya, ashe tun kafin kwanon ubanta ya yi tsatsa ƙasusuwan goɗiyar suka bushe. Ta ɗago kai a fusace.

"Buhu nawa ka ɗora mata?"

"Huɗu."

"Huɗu, a taɓo, a gangare. Allah ya isa, Ammi. Da nonon akuya na raine ta."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Da Muldi ya yi masa bayanin kundi da gasar, sai ya miƙo babban yatsa. "To ai da sauƙi. Kawo takardar, rubuta goɗiyar nan taki ce ta haifi Mas'uda, in dangwala. Wa zai sani? Duk waɗanda suka sani suna kabari."

Muldi ya kalli matarsa, alƙalami a hannu. Wallahi ni da nake ba da labarin, da ni ce da na ce a rubuta. Burniya kuwa miƙewa ta yi tana karkaɗe zani.

"Ka kashe ta da kayan gawayi, yanzu kuma za ka ɗora mata kayan ƙarya? 'Ya'yan da ba ta ɗauki cikinsu ba? Ita kuma Zarga da ta sha naƙudar, a share ta don ba ta da mai yi mata faɗa?" Ta share ido da bakin mayafi. "Wa ta haifi Zarga?"

Ya sani. Ya faɗi uwar Zarga, ya faɗi kakarta, har da ƙauyen da aka haife su. Muldi ya rubuta, tsohon ya dangwala. A mota tun daga Nafza har gida Muldi bai tsokane ta ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba tun aurensu.

Ranar Litinin ta je ofishin Si Nizar ta ajiye masa takardun a kan tebur. Ya duba, ya sake dubawa, ya miƙe tsaye. "Halti, uwaye biyar a jere. Ko masu digiri ba su kawo min irin wannan ba. Barka, kin gano jinin goɗiyarki."

"Ba tawa ba ce. Tawa ta mutu ba ta bar ko gashi ba. Amma wannan tana da uwa, don haka goge abin kunyar nan ka rubuta."

Ya goge, ya rubuta. Ba ta iya karatu ba, sai ta sa ya karanto mata da ƙarfi, Hamra, Mas'uda, Zarga, har ƙarshe, ta sa ya maimaita don kada ya yi mata wayo. Ta ɗauki jakarta kamar za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"A kundin nan naka, akwai inda ake sa wadda ta mutu ba ta haihu ba?"

Si Nizar ya juya shafi, ya koma baya, ya ƙara juyawa. "Babu, Halti. Na masu rai ne, da waɗanda suka haife su."

"Ƙaton littafi haka, ba layi ɗaya." Ta gyara kallabinta. "To ajiye alƙalamin ka saurara da kunnenka. Sunanta Hajla, ja ce, 'yar gidan Ammar mai zuma a Sajnan. Shekararta biyar. Ba ta taɓa kayar da ni ba ko sau ɗaya."