Goggo da Tayar Sama

A bakin titin da ya bi ta gefen ƙauyenmu ya nufi Bici akwai wani wajen wasan yara da wani attajiri ya gina tun ina 'yar firamare. Mu dai wajen lilo muke ce masa. Ba wani babba ba ne. Katangar bulo ce ta zagaye fili, gonakin gero da gyaɗa suka kewaye ta, ƙofarta na kallon titi. A ciki akwai lilo da sulu, da dawakan katako masu zagayawa, da motocin karo, da ɗan jirgin ƙasa da ke zaga filin a kan dogo. Sai kuma wata ƙatuwar taya ta ƙarfe mai kujeru a rataye, wadda ke ɗaga mutum sama ta sauko da shi ta ɗaya gefen. Ita muke kira tayar sama. In ka tsaya kusa da rumbu a tsakar gidanmu kana hango samanta ta bayan bishiyoyi.

A gidanmu babu wanda ya kai Goggo sanin wajen, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa shiga ba. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk sun yi aure a nesa, sai ta dawo gidanmu da zama. Kowa Goggo yake ce mata, har shi Baban. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk Sallah, ƙarama da babba, takan ɗauki farantinta ta je ta kasa a bakin ƙofar wajen lilo, ita da mai zoɓo da mai awara da wata mai dafaffen ƙwai, jingine da katanga, tun hantsi har la'asar sakaliya. In an ce ta leƙa ciki sai ta ce, "In shiga in yi me? Daga nan ina jin komai."

Kuma tana ji ɗin. Ta san ihun yaran da ke kan motocin karo, ta san na waɗanda tayar sama ta ɗaga. Ta san in jirgi ya maƙale, domin fitonsa kan ɗauke, sai ta ji muryar masu turawa.

Shekarar da nake magana a kai ina kwalejin horar da malamai, na dawo gida hutu. Damina ta zauna, an gama noman farko, Ƙaramar Sallah ta wuce. Wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure na ciki muna taya Goggo ɓarar gyaɗa, sai yayana ya shigo. Shi a-daidaita-sahu yake ja tsakanin ƙauyuka da gari, saboda haka duk wani labari a bakinsa muke fara ji. Ya ce attajirin nan mai wajen lilo da ya rasu kwanaki, an raba gado, wajen ya faɗa hannun 'ya'yansa maza, kuma an ce da zarar kaka ta yi za su sake masa fasali. Wasu abubuwan za a cire, a kawo na zamani.

Goggo ta dakata da ɓarar. "Me da me za a cire?"

"Ba a faɗa ba, Goggo. An dai ga wasu sun zo da igiyar awo."

Daga ranar nan hirar gidanmu ta samu inda za ta zauna. Da an shimfiɗa tabarma an juye gyaɗa sai a ɗauko ta. Baba, wanda kullum yake cewa wajen na yara ne da marasa aikin yi, shi ya fi kowa kafewa a kan nasa ra'ayin. Ya ce jirgi ne zai fara tafiya.

"Abin da kullum sai an tura shi? Ni da ina da saniyar da sai na ɗaga ta kafin ta ja garma, ai da tuni na kai ta kasuwa."

Yayana ya ce dawakan ne. Ya ce yaran yanzu da suka saba da wasa a waya ba za su zauna a kan dokin katako mai ido ɗaya ba. A ganinsa za a rushe rumfar dawakan a gina ɗakin wasan kwamfuta, ko gidan kallon ƙwallo. Wata rana ma ya zo da labarin gidan mai za a yi a gaban wajen, washegari ya ce a'a, wanda ya gaya masa ba shi da tabbas. Ni kuwa motocin karo nake jin wa tsoro, don su na fi so, kuma na ga wayoyinsu duk a ɗaɗɗaure suke da leda. Innarmu ba ta cika sa baki ba, sai dai in an matsa mata ta ce ita dai a gyara banɗakin.

Goggo ta bar mu muka yi ta yi kwana da kwanaki, sannan ta faɗi nata.

"Tayar nan za su cire."

"Haba Goggo," in ji yayana, "ita ce fa ake hangowa daga titi. Ita ke kiran mutane."

"Ba ku jin kukanta ne. Ni da ke zaune a gindin katanga nake ji. Da can in ta juya shuu kawai take yi. Yanzu in ta kai sama sai ta yi nishi, irin wanda gwiwata ke yi in zan tashi daga kan tabarma. Yara masu kuɗi ba sa son abin da ke nishi."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da ɓara, tana watsa ɓawon a ƙwarya. Can sai ta ce, kamar da kanta take magana, shekara da shekaru tana kallon ƙafafun mutane suna lilo a saman kanta, ba ta san me suke gani ba da suke wannan ihun.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah ta kira ni ɗakinta ta ce in ɗauko mata atamfarta shuɗiya daga ƙasan akwati in kai wa mai guga. Na ce ai ba ta sa wannan in za ta wajen kasa kaya, mai zai ɓata ta. Ta ce ta sani.

Ranar uku ga Sallah, da aka rage aikin nama, na raka ta da farantin. Ta kasa kayanta kamar kullum, ta yi ciniki har azahar. Bayan ta yi salla a kan ɗan buhunta sai ta tura farantin gaban mai zoɓo ta ce ta duba mata, ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ina zuwa?" in ji mai zoɓo.

"Ciki."

Matan suka bi ta da kallo. Muna kan layin tikiti sai ga Baba a kan kekensa, da sabuwar hula. Ya ce wucewa yake yi za shi gaisuwar Sallah ƙauyen gaba. Goggo ta ce to Allah ya kiyaye hanya. Ya tsaya yana kallon katanga, sannan ya jingine keken ya ce bari dai ya shiga ya ga jirgin nan da idonsa kafin a ɗauke shi.

A ciki Goggo ba ta yi sauri ba. Ta tsaya gaban dawakan ta ce ashe ƙanana ne haka. Ta tsaya gaban motocin karo ta daɗe tana kallon wasu 'yan mata da ke ta gwara wa juna, tana murmushi. Jirgin kuwa muka same shi a tsaye, yara a ciki, samari biyu na tura shi ta baya. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Kujerun tayar sama biyu-biyu ne masu fuskantar juna, da ƙarfen da ake sakayawa a gaba. Ni da Goggo muka zauna gefe guda. Mai kula da tayar ya ce akwai sauran wuri, ya dubi Baba. Baba ya ce shi ba hawa ya zo yi ba. Goggo ta ce, "Hau mana. Ko in faɗo ba kowa nawa a kusa?" Ya tattare babbar rigarsa ya hau.

Da aka tayar, Goggo ta rufe ido ta kama hannuna tana ta salati a hankali. Muka wuce tsayin katanga, muka wuce kan darbejiyar da ke tsallaken titi. Da muka kusa ƙololuwa sai na ji nishin da take faɗa, wani dogon ƙara daga tsakiyar ƙarfen. Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Kun ji ko?"

Daidai nan janareta ya yi tari ya mutu. Kiɗan da ke tashi a lasifika ya ɗauke, tayar ta tsaya cak, kujerarmu na ɗan reto a can sama. Daga ƙasa mai kula da ita ya ɗaga murya ya ce kowa ya zauna yadda yake, mai ne ya ƙare, an tafi ɗebowa.

Shirun ne ya sa Goggo ta buɗe ido. Ta dubi gabas, ta dubi yamma. Gero ya fitar da kai, duniya duk kore, ba ka ganin ƙasa sai 'yan siraran hanyoyi tsakanin gonaki. Gidaje a warwatse cikin shuka, nan uku, can biyar, kowane da rumbunansa.

"Wane gari ne wancan?" ta tambaya tana nuni.

"Namu ne, Goggo," na ce.

"A'a."

Na nuna mata rimin bakin masallaci, na ce ta bi da ido ta hagu. Ga gidan mai unguwa, ga namu, ga kwanon ɗakinta da ya yi ja da tsatsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta fara gane sauran da kanta. Ta gano tsohuwar rijiyar da suke ɗebo ruwa suna yara, wadda aka daina amfani da ita. Ta gano gonar mahaifinsu, da yanzu shingaye suka yanyanka ta tsakanin magada. Ta bi hanyar da ta nufi garin mijinta da yatsa har inda ta ɓace cikin dawa.

"Ashe kusa ne," ta ce. "Ranar da aka kai ni, na ɗauka ƙarshen duniya aka kai ni."

Ta juyo za ta nuna wa Baba wani abu, sai ta ga yadda yake. Ya riƙe ƙarfen gabansa da hannu biyu, idonsa a kan takalmansa, gumi na bin gefen hularsa. Goggo ta saki hannuna ta miƙa nata ta dafa bayan hannunsa.

"Ɗago ka ga gonarka."

"Ina ganinta kullum."

"Ba ta nan ba. Ɗago. Ni na goya ka har ka yi wayo, ban taɓa kayar da kai ba."

Ya ɗago a hankali. Ta nuna masa gonarsa ta gabas, ta ce ya duba da kyau, kunyoyinsa duk a karkace suke, sun yi baka kamar lauje. Ya ce ba karkata ba ce, gangaren ruwa ya bi. Ta ce babansu ma gangaren ya bi amma nasa a miƙe suke. Suka shiga musu a kan wannan, ya saki hannu ɗaya yana nuni, har ya manta inda yake. Suna cikin haka janareta ya tashi, kiɗa ya dawo, muka fara sauka. Goggo ta ce da an ƙara mana kaɗan.

Da muka fito mai zoɓo ta tambaye ta me ta gani. Ta ce, "Kwanon ɗakina na son canji." Ta zauna ta ja farantinta. Baba ya hau kekensa, ya juya ya nufi gida, gaisuwar ƙauyen gaba ba a je ba ke nan.

Bayan an yi girbi aka rufe wajen, ma'aikata suka shiga. Yayana ke kawo mana rahoto. Jirgin aka fara cirewa, 'yan gwangwan suka zo da mota suka kwashe shi har dogon. Baba ya yi mako yana tuna wa kowa. Dawakan aka yi musu fenti, aka sa wa mai ido ɗayan nan sabon ido. Motocin karo suna nan. Tayar sama ma ba a taɓa ta ba, sai mai da aka ɗura mata aka shafe ta da fenti ruwan ɗorawa. Da aka gwada ta Goggo ta fita bayan gida ta kasa kunne, ta dawo ta ce sun dai toshe mata baki.

Abin da babu wanda ya kawo a ransa a duk hirarmu shi ne katangar gaba. Ita aka rushe, aka jera shaguna masu ƙofar gilashi tun daga wannan kusurwa har waccan, aka shimfiɗa siminti a gabansu don ajiye motoci. Wurin da Goggo da abokan sana'arta suka yi shekaru suna jingina babu shi. Ranar da yayana ya faɗa mata, tuwon dare ma kaɗan ta ci. Innarmu ta ce mu ƙyale ta.

Da safe ta ce in ɗauko tsintsiya da fartanya. Muka je tsallaken titi, gindin darbejiyar nan, a bakin gonar wani maƙwabcinmu. Ta aika aka nemi izininsa, ya ce ai ba komai. Muka nome ciyawa, muka share, ta sa yayana ya kawo duwatsu ya jera. Ta auna wa kowace mace wurinta da ƙafa, nata a tsakiya inda inuwa ta fi daɗewa.

Sallar da ta biyo baya a nan suka kasa. Ciniki bai kai na da ba, tunda shagunan na sayar da lemon kwalba da biskit, amma masu sauka daga mota sukan tsallako, musamman manya. Rana ta ƙarshe bayan azahar na ga Goggo ta miƙe tana gyara mayafi, ta tsaya a kan mai zoɓo.

"Tashi mu je."

"Ni? Ina da hawan jini."

"Ni ma ina da shi. Gidanku ta bayan makaranta yake ko? Ana ganinsa sarai."

Mai zoɓo ta yi ta kawo dalilai, Goggo na tsaye ba ta gusa ba. Daga ƙarshe matar ta rufe bokitinta, ta ce in kula da kofunan kada yara su tafi da su, kuma in wani ya ce a ba shi mai ƙanƙara sosai in tona daga ƙasa. Na koma tsakanin farantin da bokitin na zauna. Suka tsaya a bakin titi suna jiran wata motar itace ta wuce, sannan suka tsallaka, Goggo a gaba tana riƙe da gefen mayafin ƙawarta.