Bargon Ƙyallaye na Baturiya

Ni tela ne, kuma ba ni na zaɓa ba. Ina aji uku na elementare aka cire ni, wai Kawu, ƙanen mahaifiyata, idonsa ya fara rauni, yana bukatar mai zura masa zare a allura. Iyakar karatuna ke nan. In kun ga kuskure a rubutun nan, ku je ku tambayi waɗanda suka cire ni.

A lokacin garin nan ba Suleja ake ce masa ba, Abuja ne, tun kafin a zo a karɓe mana sunan shi ma. Turawa suna bariki, mu muna cikin gari. A rumfar Kawu da ke bakin kasuwa na girma, har na yi aure, har matata ta haihu, ina nan kan tabarma ɗaya ina ɗinkin hannu. Masu keken ɗinki ba su da yawa a garin, amma kowannensu kan gama riga kafin ni in gama hannu ɗaya. Ba abin da nake so a duniya kamar in sami keke nawa na kaina, in tashi daga rumfar Kawu in kafa tawa.

Akwai wani kuku, mutumin Lokoja, da ke aiki a gidan Baturen da ke kula da aikin hanya. Yakan kawo mana wandunan maigidansa mu yi musu faci. Hausarsa ta kasuwa ce, Turancinsa na kicin, amma in yana tafiya sai ka ce shi ne tafintan Razdan. Wata rana ya ce mini, "Tela, Uwargida tana nemanka. Ka wanke ƙafa."

Na je. Baturiyar na baranda, ta shimfiɗa wani bargo a kan tebur. Da farko na zaci talauci ne ya biyo su har nan, domin duk faci ne, ƙyalle kusa da ƙyalle. Sai da na matsa na ga aikin. An yanka kowane ƙyalle daidai, an jera su sun ba da siffa, an sa auduga a ciki, an bi da ɗinki ƙanana kamar sawun tururuwa. Kuku ya ce kakarta ce ta ɗinka. Ya ce sun kusa komawa ƙasarsu, tana son irinsa, amma da ƙyallayen garin nan, ba da sabon yadi ba. Ta yi wata doguwar magana tana dafa ƙirji tana nuna wajen gari. Daga nan ta ɗaga wani murfin katako a gefe. Keke ne. Baƙi, da zanen ruwan zinariya, irin wanda ake juyawa da hannu. Wai yana da nauyi, ba za ta koma da shi ba. In na gama bargon kafin su tashi, nawa ne.

Na sauko daga bariki bakina har kunne.

Kawu ya saurare ni yana taunar goro. "Bargon tsumma? Turawa sun gama da ƙasa, yanzu sun koma kan bola." Ya nuna buhunan da ke bayan rumfa, inda muke tara ƙyallaye don cusa matashin kai. "Ɗebi. Abin da ya faɗo daga almakashi na tela ne, haka muka tarar. Amma aikina ba zai tsaya don haukarka ba."

Aikinsa bai tsaya ba. Nawa nake yi da sassafe da kuma bayan la'asar.

Wahalar farko launi ce. Na zazzage buhunan a tsakar gida, ni da matata muka ware su kashi-kashi, na ɗiba na kai wa Baturiya ta zaɓa. Ta yi magana, kuku ya ce, "Ba ta son baƙi." To. Na dawo na tsince duk wani baƙi: saƙi, da rinin baba na marina, da irin zanen da matan Zuma ke ɗaurawa. Rabin buhu ya tafi, domin garin nan in ka cire baƙi me ya rage? Na jera ja da rawaya da kore, na ɗinka abin da ya kai faɗin tabarmar salla, na koma. Ta duba, ta ɓata fuska. Ta shiga ɗaki ta fito da wani zane rinin baba, tana kaɗa mini shi a fuska tana cewa bulu, bulu.

Na ce wa kuku, "Ai wannan baƙi ne. Kai ka ce ba ta so."

"Wannan bulu ne."

"A gidanku. Je ka marina ka ce a rina maka bulu, ka ga ko za a kula ka."

"Tela, kai ba ka yi makaranta ba."

"Kai da ka yi, ga ka nan kana feren dankali."

Ashe baƙin da take ƙi shi ne baƙin gawayi, irin na yadin lema. Rinin baba kuwa shi ta fi so duk a ciki. Na farke duka, na sake.

Sai maganar zane. Ni na so in yi mata abin da hannuna ya sani, in fitar da aska da tambari irin na gaban babbar riga. Ta ce a'a, tauraro take so irin na kakarta. Tauraron nasu kuwa kusurwa ce a kan kusurwa. Ga saƙi da kauri, ga atamfa shara-shara, in ka haɗa su sai ɗaya ya ja ɗaya, tsakiya ta taso kamar malfa. Na farke ya fi a ƙirga. Da na gaji, sai na tsuguna a gaban barandarta na zana mata gidan dara a ƙasa da yatsa, gida kusa da gida, mai duhu kusa da mai haske. Ta tafa hannu kamar ita ta ƙirƙiro shi.

A nan fa na sa hankalina duka. Ban duba ƙyallen wane ne ba, launi nake dubawa. Tsamiya, yadin nan mai ruwan ƙasa, tana son ja a kusa da ita, sai in ba ta ja. Ruwan ɗorawa ya fi fitowa a tsakanin baƙi biyu. Fari ne ya yi mini ƙaranci, na sayi alawayyo sabo na zagaye bakin bargon da shi. Matata ta gurje auduga ta yi shiɓa, muka shimfiɗa a ciki, na yi masa shafi da yadin akoko, na bi da ƙananan ɗinkin nan har yatsuna suka yi kanta. Ya yi kyau. Dole in faɗa da bakina, tunda ba wanda zai faɗa.

Ana saura 'yan kwanaki su tashi na kai shi rafin Iku na wanke, na shanya a kan wani falalen dutse kusa da inda ake tsallakawa. A ina kuma zan shanya shi? Tsakar gidanmu ta awaki ce da kaji. Ranar kasuwa ce, mutane na ta wucewa. Matan da suka ɗauko doya daga wajen Chaza suka tsaya da kayansu a kafaɗa suna kallo. Ana ta cewa, "Kai, wannan aiki!" Ina jin daɗi.

Sai ga wani mahauci, mutum mai baki, wanda in ya yi raɗa ana ji a ƙofar gari. Ya duƙa, ya ƙura ido.

"Tsaya. Wannan tsamiyar ba rigar Malam ba ce, na unguwarmu?"

Aka ce ita ce.

"Wannan jan kuma da ke manne da ita fa?"

Wata mata ta leƙo. "Zanen bazawarar nan ne, mai tuwo a tasha."

"A'a'a!" in ji mahaucin. "Ashe an ɗaura aure ba a ba mu goro ba! Jama'a, ku zo ku ga yadda suka kwanta lafiya!"

Wuri ya kaure da dariya. Kowa ya shiga neman kansa. Wannan ya ce ga wandona, wancan ya ce ga ɗankwalin matata. Wani ya samu rigarsa gefe da gefe da zanen surukarsa, matar da ko hanya ba ya haɗawa da ita don kunya, aka yi ta tsokanarsa har ya cire hula ya rufe fuska. Har nan dai wasa ne. Da a nan aka tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Sai ga kuku da kwandonsa zai shiga cefane. Mahaucin ya tare shi.

"Kai mutumin Bature, me uwarɗakinka za ta yi da tsummokinmu?"

Kuku ya gyara tsayuwa, ya ga jama'a sun zuba masa ido. "Uwargida ta ce tana so ta tafi da mutanen garin nan ƙasarsu. Duka. Kowa da kowa. In ta kwanta, kuna tare da ita."

Dariya ta ɗauke.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta sauke ƙwaryarta. "La'ilaha illallahu. Shi ya sa. Tun da na kai zanen nan ɗinki gwiwata ba ta bar ni na huta ba."

Na ce, "Inna, gwiwarki ta girmi zanen nan."

"Rufe mini baki, ɗan nan. Wa bai san abin da ake yi da ƙyallen mutum ba?"

Kowa ya sani. In wani yana nufinka da sharri, ƙyallen tufarka yake nema ya kai wa boka. To ga ƙyallen gari guda an ɗinke wuri ɗaya, za a tsallaka teku da shi, Nasara ta kwanta a kai. Kafin kasuwa ta watse, farin alawayyon da na saya a gaban kowa ya zama ragowar likkafani a bakin mutane.

Washegari aka kira mu gaban mai unguwa, ni da Kawu. Malam na zaune a gefe, fuska a murtuke, tun jiya ake yi masa barka da angwanci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunawa take nufi. In ta ga ƙyallen ta tuna da mutane, iyakarta ke nan."

Mai unguwa ya ce, "Kai kana jin Turanci?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To wanda yake ji ya faɗi abin da ta ce." Ya juya wajen Kawu. "Kai fa, a rumfarka aka yi wannan?"

Kawu, mutumin da ya ce abin da ya faɗo daga almakashi na tela ne, ya sunkuyar da kai. "Wallahi, ranka ya daɗe, na zaci matashin kai yaron nan yake cusawa."

Yaro. Ina da mata da ɗa.

Hukunci ya fito: duk wanda ya gane ƙyallensa, a cire a ba shi.

Na zauna a gaban rumfa da reza, bargon a cinyata, mutane sun yi layi. Mutum ya nuna da yatsa, in farke gefe huɗu, in zare ƙananan ɗinkin da na yi da hannuna, in miƙa masa ƙyallen da bai kai tafin hannu ba, auduga na leƙowa ta ramin. Wasu ko yadi ba su taɓa kawo mana ba, amma suka zo suka gane nasu. Tsohuwa mai daddawa ta ƙulle nata a bakin zane tana tofa addu'a, ta tafi tana ɗingishi kamar yadda ta zo. Malam aike ya yi. Bazawarar ce ta zo da kanta, ta tsaya ta kalli jan ƙyallenta, gefensa rami inda tsamiyar take a da.

"Tela, har ka sa an sake ni?" Ta yi dariya. "Bar mini nawa a nan. Ko a tsumma ne in ga Turai."

Ita kaɗai ce ta bar nata a garin nan duka.

Abin da ya rage kamar komar kamun kifi. Ban haƙura ba. Matata ta ciro zanenta mai kyau wanda ta ɗaura ranar suna, ta miƙo mini. Na yayyanka shi, na haɗa da sabuwar atamfa ta kasuwa, na toshe ramukan. Na san bai yi ba. Launi ɗaya na ta maimaita kansa, sabon yadi na ƙyalli a tsakiyar tsoho, ga sawun allura ko'ina.

Na kai shi ana gobe za su tashi, an cika baranda da akwatuna. Baturiya ta shimfiɗa, ta shafa. Ta nuna wuraren da rinin baba yake a da, ta yi tambaya.

Na ce wa kuku, "Gaya mata abin da bakinka ya jawo. Gaya mata duka."

Ya yi mata magana gajeriya, ba ta kai tsawon sallama ba. Har yau ban san me ya ce ba, amma na ga irin kallon da ta yi mini, kallon da ake yi wa wanda aka ba ajiya ya ci. Fuskarta ta yi ja. Ta naɗe bargon ta turo mini, ta shige ciki. Na tsaya ina ta magana da Hausa, ina rantsuwa, ba mai ji sai wanda ya jawo abin.

Keken kuwa kuku ta bar wa. Mutumin da bai san ta inda ake zura masa zare ba. Bai yi mako a hannunsa ba ya sa shi a kasuwa, kuma Kawu ne ya saya. Ya sa aka kawo shi rumfa, aka ɗora a kan akwati, ya shafa shi, ya dube ni.

"Ni idona ba ya gani sosai. Kai za ka riƙa juyawa."

Na juya shi har Turawa suka bar ƙasar, na ci gaba da juyawa bayansu, ɗinki nawa, rumfa ta Kawu. Da ya rasu aka raba gado, keken ya faɗa rabon ɗansa, direban mota, wanda bai taɓa riƙe allura ba. Ya zo da kansa ya ɗauka. Ni na taya shi ɗora shi a mota.